Furen da na kusa kashewa da alheri

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibaina wannan karin magana, ina sa su rubuta ta a kaye, ina ba su maki idan sun mayar da ita Faransanci yadda ya kamata. Amma ni kaina ban gane abin da take nufi ba sai a wata ƙasa mai nisa, cikin tsananin sanyi, a gaban wata tukunyar fure da ba ta kai ƙwaryar fura girma ba. Labarin wannan tukunya nake so in ba ƴan uwana malamai, domin tun daga lokacin ban sake shiga aji da irin tunanin da nake shiga da shi a da ba.

A watan Oktoba na 2011 na sami damar zuwa ƙaro ilimi a Bezanson, wani gari na gabashin Faransa da ba shi da nisa da iyakar Suwis. Kogin Du ya kusan zagaye tsohon garin kamar munduwa a hannu. A nan aka haifi Victor Hugo a 1802, kuma garin ya yi suna wajen ƙera agogo. Jami'arsa tana da cibiyar koyar da harsuna inda malaman Faransanci daga ƙasashe da dama suke haɗuwa. Na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa wadda mijinta ya rasu, ƴaƴanta kuma suka watsu garuruwa neman abinci. Ta yi ƙuruciyarta tana haɗa agogo a masana'anta, kuma har ta tsufa hannunta bai manta da awo ba: ko gishirin miya sai ta auna da ɗan cokali. Ina ce mata Madam, ita kuma tana ce mini Mushe, kamar yadda yara suke kirana a gida.

A bakin wata taga da ke tsakiyar matakalar bene, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ta ajiye wani fure da suke kira sikilamen. Ganyensa kamar zanen zuciya yake, kore shar, da ratsin fari-fari kamar an yi masa zubi da azurfa. Furanninsa ja ne mai haske, kowane a kan siririn karansa, ya sunkuyar da kai ƙasa amma kunnuwansa biyar sun juya sama, kamar mace ta ɗaura kallabi iska ta ɗaga shi. Ranar da na fara ƙirga su na sami 23. Ganye da fure duka suna fitowa ne daga wani dunƙulen saiwa mai faɗi kamar ƙosai, wanda rabinsa ya leƙo saman ƙasa. Mijinta ne ya sayo mata shi a hunturunsa na ƙarshe, shekara 9 kafin zuwana. Yawancin mutanen can sukan sayi irin wannan fure ne a lokacin sanyi, idan ya gama fure su jefar da shi. Ita kuwa ta riƙe nata shekara da shekaru.

Kasancewata mai son bin asalin kalmomi, na bincika sunan. An ce daga kalmar Girkanci mai nufin da'ira aka samo shi. Masana tsirrai suna kiran irin na cikin gida da sunan ƙasar Farisa, alhali kuwa asalinsa duwatsun gabashin tekun Bahar Rum ne, wajen kudancin Turkiyya, Siriya, Labanon, Falasɗinu da tsibirin Kubrus. Tsofaffin Faransawa kuma burodin alade suke ce masa, wai don aladu suna tono dunƙulen su ci, ko da yake guba ne ga ɗan Adam. A ƙasarsa ta asali ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa fari ne ƙayau. Saboda haka ya saba da tsiro da fure cikin ɗari, ya yi barci cikin zafi. Na karanta duk wannan, na ma rubuta shi a ɗan littafina, amma ilimin ya tsaya a takarda bai sauko hannu ba.

A farkon Fabrairu na 2012 wani sanyi mai tsanani ya rufe Turai. Wata safiya Madam ta fita sayen burodi, ƙanƙara ta kwashe ta, ta faɗi ta karye a ƙugu. Kafin motar asibiti ta tafi da ita, tana cije da haƙori, ta kama hannun rigata ta ce: "Mushe, ga furen nan na bar maka. Ruwa ta ƙasa za ka ba shi, cikin faranti. Taki kuma rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, mako biyu-biyu. Kada ka ɗauke shi daga wurinsa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗan manomi take magana da shi.

To, ɗan manomin ne ya jawo ɓarnar. Ni a wani ƙauye na ƙasar Tasawa na girma, inda buhun taki ɗaya gida uku suke raba shi, inda mahaifina yakan bi Fulani da roƙo su kwana da shanunsu a gonarsa bayan kaka. A duniyar da na sani, abokan gabar shuka yunwa da ƙishirwa ne. Ban taɓa ganin gonar da taki ya yi wa yawa ba, ballantana in ji tsoronsa. Da na ɗauki kwalbar takin ruwan nan na ga ɗan abin da aka ce in zuba, sai na ce a raina wannan ai rowar tsofaffi ce. Na ƙudura cewa kafin ta dawo zan mayar da furen 23 su zama 40, ta ga aikin Bahaushe.

Abu na farko, tausayi ya sa na ɗauke tukunyar daga matakala. Ni da nake kwana da riguna uku, yaya zan bar baiwar Allah a bakin taga tana shan iska? Na shigo da ita ɗakina, na ajiye kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki. Abu na biyu, na riƙa cika murfin kwalbar fal, ina zubawa sau biyu a mako. Abu na uku, na bar zancen faranti, na riƙa kwarara ruwan takin daga sama, a kan dunƙulen, ko da ƙasar ta bushe ƙamas. Kwana goman farko sai na ga ganye ya ƙara faɗi, ya yi duhu. Na riƙa yaba wa kaina. Daga nan sai karan furannin suka fara tsawo suna langaɓewa, ƴan ƙananan da ba su buɗe ba suka bushe a gindin ganye. Gefen ganyen ya ƙone, wasu suka yi rawaya. Wani farin ɓawo kamar kanwa ya fito a saman ƙasar, furfurar fumfuna kuma ta kama gindin karan. Da na ga yana yaushi, sai na ce yunwa ce, na ƙara masa.

Daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Takin zamani gishiri ne. Idan ya narke cikin ruwa mai yawa, saiwa takan sha shi sannu a hankali. Idan kuwa ya yi kauri a kewayenta, shi ne yake zuƙe ruwan da ke cikinta, kamar yadda gishiri yake tsotse ruwan yankakkiyar albasa. Sai shuka ta yi yaushi alhali ƙafarta tana cikin ruwa, wanda bai sani ba kuma ya ƙara mata abin da yake kashe ta. Bugu da ƙari, cikin sinadarai uku da ake rubuta adadinsu a jikin kowane buhu, wato azot, fosfor da potas, azot ganye yake sa wa. Idan ya yi yawa, ganye yakan yi fankama marar ƙwari, fure ya ja baya. Ruwan da ya kwanta a kan dunƙulen kuma shi ke kawo ruɓa. Zafin ɗakin ya cika aikin: furen da ya fi jin daɗi tsakanin digiri 10 da 15, na kai shi inda ya haura 20, na yi masa ƙaryar cewa bazara ta zo, sai ya fara haɗa kayansa zai kwanta.

Cikin mako na huɗu ba sauran fure ko ɗaya. A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Na je wani kantin sayar da furanni, na tarar da irinsa jere, masu launi ɗaya da shi, a kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Na daɗe a tsaye ina tunanin in sayi ɗaya, in juye shi cikin tukunyarta, in yi shiru. Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa tsoron cin amana ne ya fara hana ni ba. Abin da ya fara hana ni shi ne na duba na ga dunƙulen na kanti bai wuce goro ba, nata kuwa ya kai tafin hannu. Matar da ta yi rayuwarta tana duban ƴan mitsi-mitsin ƙarafunan agogo ba za ta ruɗu ba. Sai da na fito waje, iska ta buge ni, sannan kunyar abin da na yi niyya ta kama ni.

Ranar Lahadi na je gidan jinyar da aka mayar da ita tana koyon tafiya. Na zauna na faɗa mata kome, ban rage ba. Ta yi shiru har na ji ƙarar agogon hannunta. Sannan ta tambaye ni, kamar likita: "Ka taɓa dunƙulen? Da tauri, ko ya yi laushi?" Na ce da tauri. Ta ce: "Yana wari?" Na ce a'a. Ta sauke numfashi ta ce: "To, yana nan da ransa. Mayar da shi wurinsa yau ɗin nan. Ka kai shi bakin famfo, ka zuba ruwa zalla ta gefen tukunya har ya wanke ƙasar ya fita ta ƙasa, ka bar shi ya tsane. Duk karan da ya mutu ka murɗa shi ka fizge daga tushe, kada ka yanka, guntun da ya rage ruɓewa yake yi. Daga nan kada ka sake ba shi kome sai ruwa, shi ma sai ka ɗaga tukunyar ka ji ta yi sauƙi. Ka zuba a faranti, bayan minti goma sha biyar ka zubar da saura." Na ce, taki fa? Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce: "Marar lafiya ba a ɗura masa. Kuma ko mai lafiya ne, ba a zuba taki a busasshiyar ƙasa, sai an fara jiƙa ta. Kai ba furen ka ciyar ba, Mushe. Tausayinka ka ciyar."

Ba ta ƙara ko kalma a kan maganar ba, ta koma tambayata labarin karatu. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na bi umarninta ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako uku ƴan ganye biyar ƙanana suka leƙo, fure kuwa babu. Ta dawo gida cikin Afrilu tana dogara sanda, ta tsaya a matakala ta daɗe tana dubansa. Cikin Mayu kuma sai ganyen suka sake yin rawaya, suka bushe gaba ɗaya. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, aikina ya ƙarasa shi. Ita kuwa ta yi dariya, karo na farko tun dawowarta. Ta ce wannan barcinsa ne na kowace shekara. Da zarar ganye ya fara rawaya a wannan lokaci, sai a daina taki, a janye ruwa, a kai tukunyar wuri mai inuwa da sanyi, a ƙyale ta har Satumba. Ta sa ni na kai ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ina saukowa da ita sai gawo ya faɗo mini a rai. Wace irin mantuwa ce wannan? Ni da na tashi ƙarƙashin itacen da yake zubar da ganye da damana, lokacin da kowane icce yake kore, ya kuma yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe! Baƙon da ya ga gawo cikin Agusta zai rantse matacce ne, har ya nemi gatari. Manomi kuwa ya san a ƙarƙashinsa hatsi ya fi kyau. Na san gawo tun ina yaro, amma ban gane ɗan uwansa ba da na gan shi cikin tukunya.

Na baro Bezanson a ƙarshen Yuni ban san ko furen zai farka ba. Na iso gida damana ta sauka. Da na je ƙauye gaida mahaifina, na tarar da yayana yana bin gurabun shuka, yana zuba wa kowane ɗan taki da murfin kwalbar lemo. Dabara ce da masu binciken aikin gona na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, suka gwada tun shekarun 1990: maimakon a watsa taki ko'ina cikin gona, sai a ba kowane gurbi kimanin giram 6 na NPK, lokacin da ƙasa take da laima. Na ba mahaifina labarin furen. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Kai da aka aika neman ilimi! Taki ai wuta ne. Kaɗan ya dafa maka, da yawa ya ƙone ka. Wa ya taɓa buɗa baki da tuwo bai kurɓi ruwa ba?" Ashe shi ya san abin da ban sani ba. Ƙarancin taki bai hana shi sanin haɗarinsa ba. Ni ne na ɗauki rashi na mayar da shi hujjar almubazzaranci.

A daren nan ban yi barci ba, domin wani yaro ya tsaya mini a rai. Shekara biyu kafin tafiyata na koyar da shi a ajin farko na kolej, wanda muke kira siziyam. Daga ƙauye ya zo, yana zaune gidan wani dangi. A fili, cikin ƴan uwansa, bakinsa ba ya rufuwa, ya iya tatsuniya da kacici-kacici. A aji kuwa kurma ne. Na ƙaunace shi, na ce sai na fitar da shi. Na riƙa tsare shi bayan an tashi, ina ba shi shifta kowace yamma, ina ba shi jerin aikatau na Faransanci ya hardace kafin gobe. Da na ga ba ya ci gaba, na ninka masa. Ya iya rera su kamar karatun allo, sai na ɗauka nasara ce, alhali ganye ne kawai ya yi faɗi. Ban taɓa zama na tambaye shi da Hausa ko ya gane abin da shiftar take faɗi ba, ni da nake malamin Hausa a ajin da ke kusa. Kafin ƙarshen shekara ya daina zuwa. Ba zan ɗora wa kaina laifin duka ba, domin akwai talauci, akwai nisan gida. Amma na san rabona a ciki. Yanzu yana gyaran babura a Maraɗi. Duk lokacin da muka haɗu yakan ajiye sifana ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi karɓar kuɗina. Wannan ladabi nasa ya fi zagi yi mini nauyi.

Mu malamai muna yawan kukan rashi, kuma da gaskiyarmu: ajin kara, yara fiye da kujeru, littafi ɗaya ga mutum biyar. Amma rashin nan ya sa mana wata cuta, ta ganin cewa duk abin da muka zuba alheri ne, kuma yawansa shi ne kyansa. Muna gudu mu gama manhaja kafin jarrabawa, muna cika allo, yara suna cika kaye. Idan yaro ya yi yaushi mu ce ragwanci ne ko ƙarancin aiki, mu ƙara masa. Ba mu cika tambayar kanmu ko ƙasar ta jiƙa ba. A ganina, abin da yake jiƙa ƙasar shi ne harshen da yaro ya zo da shi daga gida, wanda a cikinsa ya riga ya iya tambaya, da musu, da ƙirga, da ba da labari. Ba sabuwar magana ba ce a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyarwa da harshen gida, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunanmu gurbi a makaranta. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki. A matsayina na malamin harsunan biyu, ina da gargaɗi ɗaya ga kaina da abokan aikina: sauya kwalba ba ya gyara hannun mai zubawa. Ana iya ƙona yaro da nahawun Hausa kamar yadda ake ƙona shi da na Faransanci, idan aka kwarara masa sunayen ƙa'idoji kafin ya ji daɗin magana.

Abin da na canza a aikina ba shi da yawa. Idan na shirya darasi, nakan raba shi biyu, in ajiye rabi sai wani mako. Kafin in buɗe nassin Faransanci, nakan ba yara minti biyar mu tattauna batunsa da Hausa. Idan yaro ya yi shiru na tsawon lokaci, ba na saurin yanke masa hukunci. Nakan matsa kusa in taɓa in ji ko dunƙulen yana da tauri, domin akwai shirun ruɓa, akwai kuma shirun gawo. Ba kullum nake gane bambancin ba, kuma sufeto ba kullum yake jin daɗin tafiyar hawainiyata ba. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Ban taɓa gwada kawo sikilamen ƙasarmu ba. Zafin Afrilu a Maraɗi zai gama da shi cikin kwanaki, kuma na riga na yi masa isasshen alheri. A watan Disamba na 2012 wasiƙa ta zo mini daga Bezanson, da rubutun nan nata ƙanana a jere kamar haƙoran agogo. Ta ce ƙafarta ta yi sauƙi, ta ce furen ya farka cikin Satumba, ya yi ganye, kuma bana ya ba ta fure biyu. Biyu, a inda a da ake ƙirga 23. Ba ta yi wani sharhi ba. Ta cire ɗaya ta busar da shi, ta sa mini cikin takardar, ta riƙe ɗaya. Yana nan har yau cikin ƙamus ɗin da nake shiga aji da shi. Launinsa ya koɗe, ya zama kamar busasshen soɓorodo. Wani lokaci idan ina neman kalma sai ya faɗo a kan tebur, yara su tambaye ni mene ne. Nakan ce musu wani malamina ne, in mayar da shi wurinsa, in dubi abin da na cika allo da shi, in ɗauki tsumma in goge rabi.